Kanel ɗin da ya ƙi tashi: mako ɗaya, laftof ɗaya, matsala uku

## Yadda abubuwa suke kafin a taɓa komai

Ɗalibi ne ɗan aji uku a sashen kimiyyar kwamfuta, ƙanin abokina ne shi ya sa maganar ta iso wurina. An ba su aiki a kwas, kowa ya sauko da kanel ɗin Linux daga tushe, ya ƙara layi ɗaya na `printk`, umarnin da kanel ke fitar da saƙo da shi, da zai rubuta lambar rajistarsa lokacin da kwamfuta ke tashi, ya yi kwamfayil da hannunsa, wato ya haɗa shi ya zama abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, ya tayar da kwamfuta da shi, sannan ya nuna wa malami layin a cikin `dmesg`, inda ake ganin saƙonnin kanel. A baki dai abin bai taka kara ya karya ba.

Ga wanda bai saba da harkar ba, kanel shi ne ƙashin bayan tsarin, shi ke magana da disk da kibod da katin wayfai da duk wani ƙarfe da ke cikin kwamfuta. Linus Torvalds ne ya fara rubuta na Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma har yau kowa na iya ɗauko shi ya haɗa nasa.

Laftof ɗin tokumbo ce, Intel Core i5 zubi na 11, RAM giga 8, disk ɗinta irin NVMe ne mai giga 256. Windows ta zo da shi, shi kuma ya raba disk ɗin ya ɗora Ubuntu 22.04 a gefe, kuma da hannu ya yi rabon, ya ware wa `/boot`, inda fayilolin tayar da kwamfuta ke zama, fatishan ɗinsa daban mai mega 500 saboda haka wani ya nuna masa tun suna aji ɗaya. A lokacin akwai kanel biyu na Ubuntu zaune a ciki. Wanda ya zaɓa zai haɗa shi ne 6.6, wanda ya fito a ƙarshen Oktoba 2023. Batirin laftof ɗin kuma bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba yake mutuwa, wannan ma ya shiga cikin labarin daga baya.

## Asabar da Lahadi: haɗawa

Ya sauke fayil ɗin, kusan mega 140 ne, ya warware shi, ya kwafo tsarin da Ubuntu ke amfani da shi, wato jerin abin da za a haɗa a kanel da wanda za a bari, daga `/boot` ya mayar da shi `.config`, ya buga `make olddefconfig`. Nan ya ɗan yi tuntuɓe irin wanda kowa ke yi, babu `flex`, babu `bison`, babu `libssl-dev` da `libelf-dev`, ya girka su. Can kuma aikin ya tsaya yana neman wani fayil na takardun shaida, `debian/canonical-certs.pem`, wanda babu shi a kanel ɗin tushe, na masu Ubuntu ne, sai ya share abin da ke cikin `SYSTEM_TRUSTED_KEYS` da `SYSTEM_REVOCATION_KEYS` aka wuce.

Tsarin Ubuntu an yi shi ne don ya tashi a kan kusan kowace kwamfuta, dubban modul ne a ciki, wato gutsattsarin kanel da ake lodawa daban, irin direbobin da ke sarrafa na'urori, saboda haka `make -j8` ya ci awa biyu da wani abu, fanka na ta ihu. Sau biyu aka ɗauke wuta batir ya mutu a tsakiya. Sa'ar da aka yi `make` ba ya komawa farko, daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Da daren Lahadi ya gama, ya buga `sudo make modules_install`, ya bi da `sudo make install`, rubutu ya yi ta gudu a allo bai tsaya karantawa ba, ya ƙara da `sudo update-grub` kamar yadda takardar aikin ta ce, ya ga an ambaci 6.6.0 a jerin, ya sake kunna laftof.

## Daren Lahadi: ko ƙofa ba a buɗe ba

GRUB, manhajar da ke loda kanel take kuma ba ka jerin zaɓi lokacin tashi, ya fito, ɗalibin ya zaɓi sabon kanel, nan take sai layi biyu: `error: bad shim signature` da kuma `error: you need to load the kernel first`.

Wannan bai ɗau lokaci ba. Secure Boot a kunne yake, kuma ƙa'idarsa ba a loda kanel sai mai sa hannun da aka yarda da shi, kanel ɗin Ubuntu yana da shi, wanda ka haɗa a ɗakinka ba shi da shi. Hanya biyu ce, ko ya ƙirƙiri makullinsa ya shigar da shi da `mokutil` ya sa wa kanel hannu da `sbsign`, ko ya shiga BIOS ya kashe Secure Boot. Ya ɗauki ta biyu. Windows ɗinsa ba a kulle da BitLocker, makullin disk na Windows, yake ba, da a kulle yake da yana iya tashi washegari ya tarar ana tambayarsa makullin ceto mai lamba 48 wanda yawancin masu tokumbo ba su taɓa gani ba.

## Litinin: kanel ya firgita

Da aka kashe Secure Boot sai abin ya canza kama. GRUB ya karɓi kanel, allo ya yi baƙi, fitilar Caps Lock ta fara ƙiftawa, shi ke nan. Ya jira minti goma, ya danne maɓalli ya kashe, ya sake, haka dai.

A nan ne ya kira ni. Ya ce "Yaya, kanel ɗin ya ƙi tashi kuma ba ya cewa komai." Na ce masa yana cewa, an dai rufe masa baki ne. Ya koma GRUB, ya danna `e` a kan sabon kanel, ya goge `quiet splash` daga layin da ya fara da `linux`, ya danna F10. Yanzu rubutu ya zubo, ya ɗauki hoton allon da waya ya turo min, don babu wata hanyar, `journalctl`, mai nuna saƙonnin da aka adana, ba zai nuna komai ba tunda ba a kai ga disk ɗin da za a rubuta a kai ba. Layin da ke da muhimmanci shi ne:

`Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)`

Ma'ana kanel ya tashi sarai, ya zo ɗaukar fatishan ɗin da Ubuntu ke zaune ya rasa shi, waɗannan sifili biyun kuma na nufin bai ma ga na'urar ba balle ya gane irin tsarin fayil ɗinta.

Na sa ya shiga ta `Advanced options for Ubuntu` ya tashi da tsohon kanel, wanda lafiyarsa ƙalau, ya buga `ls -lh /boot` da `df -h /boot`. Ga `vmlinuz-6.6.0` nan, ga `System.map`, amma babu `initrd.img-6.6.0`. Wannan initrd ɗin wani ɗan ƙaramin tsari ne na wucin gadi da GRUB ke loda wa kanel a RAM, a cikinsa direbobin disk suke, idan an haɗa su a matsayin modul. To ka ga matsalar: direban da zai buɗe disk yana cikin disk, in babu initrd tamkar ka kulle ɗaki ne makullin na ciki.

Da ya gwada `sudo update-initramfs -c -k 6.6.0` da hannu sai ga dalili, `No space left on device`. Saƙon nan ya fito tun daren Lahadi a cikin rubutun da ya gudu bai karanta ba. Modul ɗin da ya girka duk suna ɗauke da bayanan debug, na masu binciken kuskure, `du -sh /lib/modules/6.6.0` ya nuna giga da yawa alhali na Ubuntu bai kai giga ɗaya ba, initrd ɗin da za a gina daga cikinsu ya fi ƙarfin abin da ya rage a mega 500 ɗin nan. Shi kuma `update-grub` bai damu ba, ya ga kanel ya sa shi a jeri ko babu initrd.

Na ce masa ya sake girka modul ɗin da `sudo make INSTALL_MOD_STRIP=1 modules_install`, wanda ke kankare bayanan debug, sannan ya sake gina initrd. Ya ce to. Bai yi ba.

## Talata da Laraba: shagon aboki

Abin da ya faru, da yamma ya je zai yi sai ya tuna bai ma saka layin `printk` ɗin ba, ya fara gwada kanel ɗin ne zalla, kuma a tunaninsa sake haɗawa na nufin wata awa biyu da rabi da yaƙi da wuta. Wani ɗan ajinsu ya ba shi shawara biyu. Ta farko ya yi amfani da `make localmodconfig`, wanda ke duba modul ɗin da ke lode a kwamfuta a wannan lokacin ya kashe duk sauran, aikin ya ragu sosai, initrd ma ya ƙanƙance. Ta biyu ya zo shagon yayansa inda ake buga takardu, akwai sola, akwai kwamfutar tebur mai ƙarfi, ita ma Ubuntu 22.04 ce a kai.

Ranar Talata suka yi haka. Suka warware kanel ɗin a kwamfutar shago, ya saka layinsa, suka buga `make localmodconfig` a can, suka haɗa da `make bindeb-pkg` aka samu fayilolin deb. Minti ashirin da 'yan kai aka gama. Ya kwaso a filash, ya goge tarkacen wancan na farko daga `/boot` da `/lib/modules`, ya girka sabon da `dpkg -i`. Wannan karon ya karanta rubutun, initrd ya ginu, ƙarami ne, babu ƙorafin wuri.

Ya sake kunnawa. Babu firgita, Caps Lock ba ta ƙifta ba. Allo ya tsaya kamar rabin minti sannan ya rubuto `Gave up waiting for root file system device`, ƙasa kaɗan kuma `ALERT! UUID=... does not exist. Dropping to a shell!`, aka jefa shi cikin BusyBox, ɗan wurin buga umarni da ke cikin initrd, ga kalmar initramfs a gefe tana jiran umarni.

Abubuwan da ya gwada daga daren Talata zuwa Laraba, a jere. Saƙon da kansa ya kawo shawarar a duba `rootdelay`, ko ba a jira disk sosai ba, sai ya sa `rootdelay=90`, aka jira minti ɗaya da rabi aka faɗa wuri ɗaya. Ya zargi lambar UUID, lambar da ake gane fatishan da ita, ya tashi da tsohon kanel ya gwama abin da `blkid` ya nuna da na `/etc/fstab` da na GRUB, harafi da harafi daidai suke. Ya cire UUID ɗin ya rubuta `root=/dev/nvme0n1p5` kai tsaye, aka ce shi ma babu shi. Ya sake gina initrd sau uku. Har ya fara maganar ko disk ɗin ne ke mutuwa, duk da cewa Windows da tsohon kanel suna tashi a kansa kullum.

Laraba da daddare ya sake kira na. Na ce ya bari a jefa shi cikin BusyBox ɗin, ya buga `cat /proc/partitions` da `ls /dev/nvme*`. Na farko layin kanun jeri kawai ya nuna, babu disk ko ɗaya a ƙasa, na biyu ya ce babu irin wannan fayil. Na tambaye shi a ina ya buga `localmodconfig`. Ya ce a shago. Na ce wane irin disk ne a kwamfutar shago. Ya yi shiru, ya ce bari ya tambaya. SSD ce ta SATA, ba irin NVMe ta laftof ɗinsa ba.

## Alhamis: an kunna NVMe, ba ta canza zani ba

Da `grep NVME` a fayil ɗin tsarin sabon kanel aka ga `CONFIG_BLK_DEV_NVME is not set`. Kwamfutar shago ba ta da NVMe, modul ɗin bai kasance a lode ba, aka yanke shi. Ya koma shago da safe, ya buɗe `make menuconfig`, ya kunna NVMe a matsayin modul, ya sake haɗawa, minti kaɗan ne tunda abin da ya canza kawai ake sake yi. Na roƙe shi ya riƙa ba kowane gwaji suna da `LOCALVERSION`, wannan ya zama `6.6.0-gwaji2`, don kar su cakuɗe.

Ya girka, ya kunna, saƙo iri ɗaya sak. A BusyBox ya buga `modprobe nvme`, modul ya shiga babu gardama, amma `/proc/partitions` wayam. Ni kaina a nan na ɗan tsaya, don na riga na ce masa an gama.

Sai muka daina zato muka koma wurin wanda ke aiki. A tsohon kanel ya buga `lspci -k`, wanda ke nuna kowace na'ura da direban da ke riƙe da ita. Abu biyu suka fito. Akwai layin `RAID bus controller` mai ɗauke da sunan `Volume Management Device NVMe RAID Controller`, direbansa `vmd`. Shi kuma disk ɗin NVMe adireshinsa bai yi kama da na sauran ba, ya fara da `10000:` maimakon `0000:`.

VMD wata fasaha ce ta Intel da ke zuwa a kunne a laftof da yawa na zubi na 11 zuwa sama, a BIOS galibi tana tafe da sunan RST. In tana kunne, disk ɗin ba ya bayyana a layin PCI na yau da kullum, ana ɓoye shi a bayan wannan na'urar a wani yanki daban, shi ne 10000 ɗin. Sai direban `vmd` ya buɗe yankin sannan direban `nvme` zai ga abin da zai kama. Direban nvme ɗin yana nan tsaye a zaure, disk na cikin gida, babu mai yi masa iso.

Muka tabbatar da `lsinitramfs`: initrd ɗin tsohon kanel na da `vmd.ko`, na gwaji2 babu. A tsarin kuma `CONFIG_VMD is not set`.

Ɗan ajin nasu ya kawo wata gajeriyar hanya, a shiga BIOS a kashe VMD kawai, disk ya fito fili. Da Linux zai tashi kam. Amma Windows ɗin an girka shi ne VMD na kunne, in aka sauya haka kai tsaye abin da aka saba gani shi ne shuɗin allo mai `INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE`, kuma takardun furojet ɗinsa na can. Ba mu bi ta nan ba. Ya koma `menuconfig`, ya danna `/` ya nemi VMD, yana ƙarƙashin direbobin PCI ne ba wurin NVMe ba, shi ya sa bai gan shi da safe ba. Ya kunna, ya haɗa gwaji3.

Bayan la'asar laftof ta tashi har allon shiga, `uname -r` ya nuna `6.6.0-gwaji3`, lambar rajistarsa na cikin `dmesg`.

## Juma'a da Asabar: sauran gyara

Ta tashi amma babu wayfai, babu sauti, wurin shafa yatsa ba ya motsi sai ya jona linzami na USB. Duk abin da laftof ke da shi kwamfutar tebur ba ta da shi an yanke.

Maimakon a bi su ɗaya-ɗaya, ya tashi da tsohon kanel, ya jona duk abin da ya saba jonawa, filash, linzami, ya kunna Bluetooth, ya haɗa wayarsa da kebul ya kunna raba data don modul ɗin da ke yin wannan ma ya lodu, sannan ya buga `lsmod > lsmod-laftof.txt`. Ya kai fayil ɗin shago ya buga `make LSMOD=lsmod-laftof.txt localmodconfig`, wato a yi yankan da jerin laftof ba na kwamfutar da ake aiki a kanta ba.

Karo na farko bai yi ba, `iwlwifi`, direban wayfai, bai dawo ba. Dalili, `localmodconfig` ragewa yake yi ba ya ƙarawa, kuma ya tarar da `.config` ɗin da aka riga aka yanke, abin da aka kashe a can a kashe ya bar shi. Sai da ya goge shi, ya ɗauko cikakken tsarin Ubuntu daga `/boot` na laftof, ya sake cire maganar takardun shaida, sannan ya yi yankan a kansa. Gwaji4 ya ɗau kusan rabin awa. Ranar Asabar komai na aiki, initrd bai kai rabin na Ubuntu ba, `/boot` na da sauran wuri.

## Abin da na gani a lamarin

Shi a bakinsa duk mako ɗin magana ɗaya ce, "ya ƙi tashi", alhali abu uku ne daban kuma kowanne a matakinsa ya faru. Na farko GRUB ne ya ƙi karɓar kanel, kanel bai ko fara numfashi ba. Na biyu kanel ya fara, babu initrd. Na uku initrd na nan amma babu direban da ake buƙata a ciki. Inda aka tsaya da kalmomin da ke allo sun isa su nuna matakin, kuma duk gwaje-gwajen da suka ci masa lokaci a banza, `rootdelay` da UUID da sake gina initrd sau uku, an yi su ne kafin a yi tambaya mafi sauƙi, shin kanel ɗin na ganin disk ma kuwa. `cat /proc/partitions` daƙiƙa biyu ne.

Da ya bi maganar `INSTALL_MOD_STRIP=1` ranar Litinin, ina kyautata zaton da a daren zai tashi, domin tsarin Ubuntu ɗin da ya fara da shi na da nvme da vmd duka, ga shi tsohon kanel na tashi da su. Kuma ƙara layi ɗaya ba zai sa a sake awa biyu da rabi ba, `make` fayil ɗin da aka taɓa zai sake ya haɗe, wannan bai sani ba, ni kuma ban faɗa masa ba don ban san abin da ke ransa ke nan ba. Shawarar `localmodconfig` ba ta da laifi, haɗawa a kwamfutar shago ma ba laifi, haɗa su biyun ba tare da `LSMOD` ba ne ya jawo, an kai wa tela yadi an ba shi awon wani.

Nawa kuskuren shi ne na Laraba, da na ji SATA sai na yanke hukunci NVMe ne kawai, na tura shi shago ba tare da mun duba `lspci -k` ba, wanda da ya nuna vmd tun a daren, ya rage masa zuwa ɗaya da kuɗin adaidaita. Abin da ya yi daidai tun farko kuma shi ne bai taɓa goge kanel ɗin Ubuntu ba ko da `/boot` ya matse, da shi muka riƙa komawa muna gwamawa a kowane mataki.

Secure Boot har yanzu a kashe yake. Ya ce zai yi maganar `mokutil` ɗin in an gama jarrabawa.